Kafaɗar Lubbert

Geesje ce ke wanke dandamalin gidan awo a kasuwar garinmu. Mace ce mai baki. Ni da ke sayar da kifi kusa da ita na sha zagi har na saba. Mijinta Lubbert ɗan dako ne, cuku yake kaiwa sikeli har ya rasu. Daga nan bakinta ya mutu. Wata rana ta ce min, "Neeltje, kamanninsa sun fara ɓace min."

Da bazara wani mai zane ya zo daga Amsterdam, ya zauna gefen rijiya da allonsa. Geesje ta leƙa takardar. Ga majami'a, ga gidan awo har da tagoginsa, amma kasuwar fayau.

"Kai ɗan nan, annoba aka yi a garin namu?"

"Gine-gine nake ɗauka a nan, Inna. Mutane sai na koma gida lokacin sanyi, in zuba su daga kaina."

"To zuba min mijina."

"Ban taɓa ganinsa ba. Kuma mutanena ba su wuce ƙwayar wake ba, ba su da fuska."

"Fuskar dama ba ta a-zo-a-gani ba ce. Tsaya ka gani."

Ta ajiye bokiti, ta shiga tsakiyar kasuwa, ta sauke kafaɗar hagu yadda dako ya karkatar da ta Lubbert, ta ware ƙafafu, ta dafe ƙugu. Wani ɗan dako ya ce, "Geesje, aikin namu kike nema?" Aka kwashe da dariya, sai kuma duk muka gane tsayuwar Lubbert ce. Ni dai na share hawaye da hannu mai ƙarnin kifi.

Mai zanen ya tafi bai yi alkawari ba. Duk tsawon sanyin nan Geesje cewa take ɗan birni ba ya tuna talaka.

Da ƙanƙara ta narke, zanen ya iso, wani mai sayar da littattafai ya kafa shi a tagar shagonsa. Geesje ta ja ni muka je. Ta bi mutanen da yatsa a kan gilashi har ta tsaya. Ga shi a ƙofar gidan awo, kafaɗa a karkace. Gefensa kuma wata mace riƙe da bokiti, ta ɗaga hannu tana masa faɗa.

"Wannan ban roƙa ba," in ji ta. Ta daɗe tana kallo. "Dubi, Neeltje, ko a nan ma ba ya saurarena."

Har ta bar duniya, tagar nan take fara wankewa kullum da safe, ba wanda ya sa ta.