Yaya Zalika ba za ta komo daga Liyon ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da sahe ina cikin buɗe rumfa waya ta yi ƙara. Ramatu ce daga Faransa. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta ce, "Tanti Mariyama, Mama ta tahi."

Yaya Zalika ta rasu.

Na zauna bisa buhun shinkafa.

Wanda bai san ta ba, ita ce doguwar matar nan mai shinkafa da albasa a babbar kasuwar Malanville. Ba mu haɗa uwa ko uba ba. Da maigidana ya rasu na rasa inda zan sa kaina, ita ta janye buhunanta gefe ta ba ni rabin rumfarta. Ita ta koya mini awo da tiya. Ranar da ban yi ciniki ba sai ta turo mini mai saye, ta ce wai tata shinkafar ta ƙare, ga buhu kuwa cike a bayanta.

Ramatu ɗiyarta ce, tana aure a Liyon. Da ta yi haihuwar fari, Yaya ta ce ba za a yi jegon ɗiyarta babu uwa ba. Tahiyar ta faɗo tsakiyar sanyinsu.

Ganina da ita na ƙarshe a tasha ne, za ta shiga kar, babbar motar Kutonu. Ta sayi wani ƙaton manto, rigar sanyi ta maza, a gwanjo, ta sanya shi cikin rana tsaka wai tana gwaji, zufa na zuba. Munka yi ta dariya har da yaran mota. Ta kama hannuna ta ce, "Riƙe mini rumfa. Kafin albasar Garou ta shigo kasuwa ina nan."

Tun da ta sauka take aiko mini da saƙon murya. In sa a rumfa, mata su taru a saurara.

"Mariyama, ranar garin nan amarya ce. Ta leƙo, ta koma. Kina sallame la'asar magariba na ƙwanƙwasa ƙofa."

Wata rana ta ce ta ga kare da riga da takalmi, ta tsaya tana kallo har mai karen ta tsargu.

Ta ce gulbi biyu gare su a garin, manya, amma babu mai wanki, babu mai jefa taru, ko yaro guda mai wanka babu. "Ruwa na wucewa shi kaɗai, babu mai kula shi."

Ta shiga kantinsu ta ga albasa cikin raga, kowace ɗaya kamar an wanke ta da sabulu. Ta ɗauka ta shinshina. "Babu rai a cikinta, Mariyama. Ko hawaye ba ta sa ki."

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka muryarta kamar ta yarinya. Ta ce kamar ana shiƙar shinkafa daga sama, kuma babu ƙara ko kaɗan. Ta hito da kwano ta tara, kafin ta hau bene ya zama ruwa.

Da Ramatu ta koma aiki, Yaya ta ƙi zaman ɗaki. Ta ajiye keken jinjirin da anka saya, ta goya jikanta a baya, ta rufa manto bisa, ta hita. Faransancinta bai wuce na kasuwa ba, amma ta koyi shiga tram, jirgin ƙasan cikin gari, ita kaɗai. Kowa ta gani sai ta gaishe shi. Da fari suna kauda kai. Ta ce, "Ni dai na sauke nawa." Sannu a hankali mai sayar da burodi ya fara amsawa, har ya iya cewa fofo, gaisuwar garinmu.

Ta gano wata kasuwa ta waje inda matan Mali da na Maroko ke sayayya, ta bi su har masallacinsu.

Akwai abin da ya dame ta. Ta ce tsofaffinsu na zama bayan taga su kaɗai, tun sahe har dare, babu jika babu maƙwabci. A benen su Ramatu akwai wata tsohuwar Baturiya, Yaya ta dama kunu ta kai mata. Matar ta buɗe ƙofa kaɗan tana tsoro. Daga baya har kujera take ajiye mata. Ba sa jin harshen juna, su zauna su kalli titi, jinjiri na barci tsakaninsu.

Lokacin komowarta ya yi, Ramatu ba ta samu wurin barin yaro ba. Yaya ta ɗaga tahiya. Ta ce mini, "In na taho, wa zai riƙa mata?"

Sai tari ya fara. Ta ce mura ce.

Saƙonta na ƙarshe mai tsawo ne, ta hau wani tudu inda ake hango garin duka. Numfashinta na hita da ƙyar. Ta ce, "Gari ya yi kyau, rufin ɗakuna duk fari. Amma na ƙoshi da kallo. Sanyin nan ba fata yake tsayawa ba, ƙashi yake nema. Gida nike so."

Bayan nan anka kwantar da ita asibiti, ciwon ya sauka a huhu. Ramatu ke kara mata waya a kunne in yi magana, ita ba ta iya amsawa sosai.

Albasar Garou ta fara shigowa kasuwa satin da ya wuce.

Iyali sun yanke shawara can za a rufe ta, gobe in Allah ya kai mu.

Inna, mahaifiyarta, tana raye a ƙauyen Garou, idonta ya tahi. Ni da ƙanen Yaya munka hau babur munka je da rana, don kada ta ji a bakin hanya. Ta saurare mu har munka gama, ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana jan tasbaha, sannan ta ce, "Ƙasar da ba ta da kowa, wa zai yi mata wanka?"

Na kira Ramatu a gabanta na buɗe murya.

Ramatu ta ce, "Inna, gidan cike yake. Matan masallaci sun zo tun sahe, da yawansu ban taɓa ganinsu ba. Sun ce Mama tasu ce, su za su wanke ta, har likkafani sun kawo."

Inna ta ce, "To, alhamdulillahi." Sa'annan ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta.

Allah ya jiƙan Yaya Zalika, ya yafe mata, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Allah ya yalwata mata kabarin baƙunci ya haskaka shi. Ya ba Inna da Ramatu haƙuri, ya raya yaron da ta goya.

Zaman gaisuwa a gidanta ne nan Malanville. Wanda ba zai samu zuwa ba, don Allah ya karanta mata Ƙulhuwallahu a inda yake, ya ambaci sunanta.