Birbirin da Ya Kusa Cinye Akuyar Matata

Ko na manta sunana, ba zan manta da safiyar nan ba. Lokacin muna zaune a unguwar Misfala ta Makka, raƙuma ne ke kawo alhazai daga Jidda. An yi wani sanyi da har shayi sai da ya nemi bargo. Na hau soro na kakkaɓe tsohuwar tabarma, sai ga birbiri, ɗan jemagen nan mai cin sauro, ya faɗo tim. Na taɓa shi: sanyi ƙalau, ya sandare.

Tsohon da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta katanga. "La haula! Ɗan nan, kisa a cikin Harami? Sai ka yi yanka!"

Dabba ɗaya ce a gidan, akuyar matata, wadda yaranmu ke shan nononta. Matar tawa kuwa ta riƙe ƙugu. "Maigida, kai ka yi kisa, akuyata za ta biya? Wallahi sai dai a yanka ka."

Na jefa gawar cikin hulata, na kifa a ka, na nufi unguwar Jarwal wurin malaminmu neman fatawa. Rana ta ɗaga, ina tafe ina gumi, sai na ji kaina yana motsi. Na ce shi ke nan, alhaki ya fara cina tun daga sama.

Na durƙusa gaban malam. "Allah gafarta Malam, na yi kisa."

"Wa ka kashe?"

Na cire hula. Mamacin ya yi miƙa, ya dube ni, ya yi fir! Ɗalibai suka watse, wani har da barin takalmi.

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce, "Matafiyi ne, daga ƙasashen sanyi irinsu ke gangarowa. Kitsen jikinsa ne guzurinsa. In ya sauka hutawa sai ya bar jikinsa ya huce kamar gawa, don kada guzurin ya ƙone a banza. Mu da muka zo ta Sudan a ƙafa, da mun iya haka, da ba mu sayar da jakunanmu ba. Ɗumin ƙaton kanka ne ya tashe shi. Tayyib, shi ke nan, je ka, akuya ta tsira."

Tun ranar na koyi kada in yi wa kowa jana'iza don na gan shi shiru. Na kuma koyi amsa. Duk sanda matata ta same ni kwance da hantsi, sai in ce, "Hajiya, guzuri nake tattali." Ita kuma ta ce, "To, bari in kawo hular."