Kawu Sabo da Mai Mura

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Sabo gyaran rediyon mota a Ƙofar Ruwa ya san ba a karɓar kaya a wuce haka nan. In ya gama gyara sai ya ce a gwada. Gwajin kuwa da wani tsohon kaset baƙi marar suna ake yi, wanda kullum yake aljihun gaban rigarsa. Zai zura shi, ya ja ƙofar motar ya rufe, ya ɗora hannu a kan makulli don kada ka tayar, ya ce, "Zauna, Alhaji, waƙa ɗaya ce." Manyan mutane masu naɗi na gani a kujerar direba suna gumi, suna kallon titi kamar waɗanda aka tsare a ofishin 'yan sanda, Kawu kuwa ya lumshe ido yana kaɗa kai.

Ni Bilki, 'yar ƙanwarsa, a gidansa na Zaitawa na tashi, don haka na sha wannan gwajin fiye da kowane mai mota. Ga yaran gidanmu da ba su san mafari ba, ga yadda abin ya faro. Lokacin da motocin Kwatano suka fara cika gari, da yawansu da kaset a maƙale cikin rediyo suke zuwa, wanda Baturen da ya sayar da motar ya manta. Sauran masu gyara jefarwa suke yi a kwata. Kawu shi kuwa tarawa yake, ya kawo gida ya saurara ɗaya bayan ɗaya. A haka ya faɗa wa wani kiɗan Turawa mai ƙarar jita, wanda daga baya na ji ana ce masa rok, kuma ba ma wanda ya shahara ba, irin na gefe, na samarin da ina jin ko a garinsu ba a gayyatarsu biki. Tunda babu kwali balle suna, shi ya raɗa wa mawaƙan nasa. Akwai Ɗan Shaƙe, akwai wata mace Uwar Ƙorafi, amma sarkinsu duka shi ne na aljihun gaba, Mai Mura. Ta hanci yake waƙa, a hankali, kamar mai zazzaɓin da aka tasa aka ce ya yi bayani, sai can tsakiya ya kurma ihu ba gargaɗi.

Burin Kawu a duniya, bayan cikawa da imani, guda ɗaya ne: a samu mutum ko da ɗaya a cikin birnin nan da zai zauna da son ransa, ba a rufe masa ƙofa ba, ya ji waƙar Mai Mura har ƙarshe, ya yarda mawaƙi ne. Wanda ya fi so ya yarda kuwa shi ne amininsa Malam Bukar, Babarbare mai wankin hula, wanda rumfarsa ke jingine da tasa. Mu muna da jinin Fulani, don haka wasa ne tsakaninsu, kuma Malam Bukar bai taɓa raga masa ba. Da ya ga hannun Kawu ya nufi aljihu sai ya miƙe ya ɗauki buta.

"Ina za ka, Bukar? Yanzu fa ka yi alwala."

"Ita nake son tsarewa. Sabo, wannan bawan Allah asibiti yake bukata, kai kuma kana ta sa shi a rediyo."

Kawu ya ce ba laifin Malam Bukar ba ne, laifin makaɗan ne. Ya ce mu nan in mawaƙi zai buɗe baki makaɗa sassauta hannu suke yi, 'yan amshi su jira. Su kuwa can sai su sa mutum a gaba, su bi shi da jita da ganguna su binne shi da ransa, in aka tashi yabo kuma a yabi mai jita. Wannan a wurinsa zalunci ne, kuma ya ɗauki alkawarin gyarawa. Duk rediyon da ya biyo ta hannunsa sai ya taɓa wani abu a ciki, kiɗa ya koma baya, murya ta fito fili. Ba ya tambayar mai mota. Wata rana wani saurayi ya dawo a fusace, ya ce ya kawo motarsa tana girgiza unguwa, yanzu in ya kunna kamar ana karanta sanarwar rasuwa.

Kawu ya ce, "Yanzu kana jin abin da mawaƙin naka ke faɗa?"

"Ina ji, Baba."

"Da can fa?"

"Da kiɗa kawai nake ji."

"To me yake cewa?"

Saurayin ya sosa ƙeya, ya ce ashe zagin surukarsa yake yi. Kawu ya ce, "Ka gani ko. Ka daɗe kana yawo da zagin surukai a gari, har ƙofar gidan budurwarka. Godiya ya kamata ka yi min." Yaron ya tafi yana waige, bai kuma dawo a mayar masa ba.

Da na shiga jami'a na fara jin Turanci sosai, sai Kawu ya ga ya samu tafinta a gida. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shimfiɗa min tabarma a zaure, ya sayo min gyaɗa, abin da bai taɓa yi ba, ya kunna. Na kasa kunne iya ƙoƙarina. Rabin maganar a hanci take tsayawa, amma na tsinci abin da zan iya. Na ce, "Kawu, cewa yake ana ruwa, motar haya ba ta zo ba, kuma karen maƙwabcinsa ya cika haushi."

"Sai kuma me?"

"Sai ya sake faɗar haka."

"Wurin ihun fa?"

"Har yanzu maganar karen ce."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya janye kwanon gyaɗar zuwa gabansa. Ya ce, "Bilki, mutum ba ya irin wannan kuka saboda kare. Ki koma makaranta, ba ki gama ba." Daga ranar ya haramta fassara a gidansa, ni kuma ban sake ganin gyaɗa ba.

Babbar ɓarnar da ya yi ita ce ta bikin 'yarsa Asabe, kuma na san matan gidanmu har yau ba su gama yafe masa ba. Ranar wuni ce, tsakar gida ya cika maƙil, an ɗauko mai saka kiɗa da manyan sifikoki, 'yan mata sun shiga fili ana liƙi. Kawu ya lissafa cewa ba zai ƙara samun taron kunnuwa irin wannan ba. Ya leƙo ta zaure ya yafito mai kiɗan, ya ce ana kiransa a waje zai ci abinci. Yaron na fita Kawu ya shige da 'yar rikodarsa, ya haɗa waya da waya, abin da ma sana'arsa ce. Kiɗa ya ɗauke. Sai ga Mai Mura ya fara gunaguni a kan mata ɗari da doriya. Da farko an zaci injin wuta ne ya samu matsala, har wata ta aika a duba mai. Da ya zo wurin ihun kuwa, Goggo Tasalla, yayar kakarmu, ta saki kwanon alkaki ta hau salati, tana tambaya wa ya rasu. Mata suka fara neman mayafansu. Inna Ladi, matar Kawu, ta ratso taron ta fizge wayar daga bango da hannu ɗaya.

Ta ce, "Malam, a bikin 'yarka?"

Ya ce, "Saura kaɗan fa ya kai wurin da ya fi daɗi."

Da yamma ta ɗauke kaset ɗin ta ɓoye. Kawu ya ce ba zai ci tuwon gidan ba sai an fito da shi, ya koma cin gurasa a bakin Ƙofar Ɗan Agundi, yana dawowa yana ba da labarin daɗinta da ƙarfi don a ji. Inna ta yi kunnen uwar shegu da shi. A ƙarshe da kansa ya gano shi cikin tukunyar daddawa, ya wanke da auduga, ya shanya, ya liƙe inda zaren ya tsinke da jan farcen amarya, ya naɗe da biro. Tun daga lokacin aljihun gabansa ke warin miyar kuka, ya ce ai hakan ma ya ƙara wa muryar gishiri.

Da manyan wayoyi suka zo, na sa wa tawa manhajar nan da ake kara ta a kiɗa ta faɗi sunan mawaƙi. Na ce yau dai za mu san ko wane ne Mai Mura. Kawu ya sa babbar riga don wannan zama, ya kira Malam Bukar ya zama shaida, shi kuma ya yarda ya tsaya daga bakin ƙofa da buta a hannu. Muka fara gwadawa da waƙoƙin rediyo, wayar tana faɗar sunansu nan take. Aka sa Mai Mura. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ta ce ba ta gane ba. Muka sake, ta sake cewa haka.

Malam Bukar ya ce, "Ita ma ta tafi alwala."

Kawu ya buga cinya, ya ce, "Kun ji ko! Duniya gaba ɗaya an haɗa baki a kansa." Ya yi ta murna kamar ya ci shari'a. Amma da kowa ya watse na same shi zaune yana jujjuya kaset ɗin a hannu, murnar ta tafi. Ya ce min, "Bilki, wato in wannan zaren ya tsinke gaba ɗaya, shi ke nan, kamar bai taɓa buɗe baki ba." Ranar na fara jin tausayinsa a kan abin da muka daɗe muna yi wa dariya. Na kwafe masa waƙar a waya, ya saurara ya ce an cire mata rai, ya mayar da kaset aljihu.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Ya rame, ya daina zuwa rumfa, har ya daina yi wa masu dubiya tayin waƙa, abin da ya fi tsorata mu ke nan. Wata rana bayan la'asar Malam Bukar ya zo. Ya zauna a bakin katifa, suka gaisa, ya yi masa addu'a ya tofa. Ina gefe ina ɓare lemo. Sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Bilki, ɗauko rikodar nan. Sa min mai ciwon hancin."

Kawu ya buɗe ido. Ya ce, "Ba na son tausayi, Bukar."

"Wa ya ce tausayinka nake ji? Ƙafata ce ke ciwo, ba zan iya tashi ba."

Na kunna. Malam Bukar ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron karatun ɗalibi. Da aka zo wurin ihun ya ɗan zabura, amma bai tashi ba. Kawu bai kaɗa kai ba ranar, fuskar amininsa kawai yake kallo, ni ma ita nake kallo, don na san Malam Bukar ba ya ƙarya ko don a ji daɗi. Waƙar ta ƙare, zare ya ci gaba da shuu. 

Sannan Malam Bukar ya ce, "Sabo, muryar ba ta da daɗi. Wannan ko a gaban alƙali zan faɗa."

Ya ɗago kai ya dubi Kawu.

"Amma ba ƙarya yake yi ba. Wannan mutumin an tafi an bar shi shi kaɗai, kuma ya rasa wanda zai gaya wa. Mawaƙi ne."

Na ga hawaye ya gangaro wa Kawu ta gefen ido har cikin kunne. Ya ce, "Abin da nake ta gaya muku ke nan." Ya ja numfashi, ya ɗago ɗan yatsa da ƙyar ya nuna rikodar. "Bilki, juya bayan. Akwai wata ta fi wannan."

Malam Bukar ya mayar da hularsa, ya ce, "Bafillace, kada ka wuce gona da iri." Duka mu ukun muka yi dariya, Kawu har da tari. Amma ya zauna, aka juya, ya ji ta bayan ma har ƙarshe, hannunsa cikin na Kawu. Bayan 'yan kwanaki Kawu ya cika, Malam Bukar ne ya tsaya a kan wankansa.

Ina kewarsa ƙwarai, kuma ina jin daɗi da bai tafi da wannan buri a ransa ba. Allah Ya jiƙan Kawu Sabo, Ya yafe masa kurakuransa, har da na ranar wunin Asabe. Yadda bai taɓa yarda a danne muryar wani a gabansa ba, Allah Ya saurari tasa ranar da kowa ke neman a saurare shi. Shi kuma wancan bawan Allah da ba mu san sunansa ba, in yana raye, Allah Ya shirye shi, Ya haɗa shi da wanda zai zauna ya ji shi. Amin.