Hajiya ta zauna kan rimot ɗin salansa

Jama'a, yau mahaifiyata ta haɗa ni da ɗan sanda a Rusholme!

Kun san salansar nan mai tsada da na sa wa motata, wadda ake ƙara mata sauti da rimot? Na ɗauko Hajiya daga wurin likita, na rage sautin. Ashe kan rimot ɗin ta zauna! Ina taka mai, mota ta yi ruri. Ga ɗan sanda!

Ya ce, “Ƙarar nan ta saɓa doka. Ka cire, ko a ci ka tara.”

Hajiya ta leƙo da Turancinta: “Ni na danna. Ni za ka kama!”

Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya, ya sallame mu.

Muna yin gaba ta ce, “Kada ka kuskura ka cire.”

Wallahi, Hajiya, ko a mafarki!