Takardun Babakura sun yi sama

Shekara ashirin da shida Babakura yana liƙa takardu a bangon Maiduguri. Kayan aikinsa ba su da yawa: bokitin sitaci, buroshi, da tsanin katako da yake ɗaurewa a gefen kekensa. Ya liƙa fuskokin 'yan siyasa, ya liƙa tallar maganin basir, ya liƙa sanarwar rigakafi har ya haddace ta. A da, layi ake yi masa. Yanzu kowa ya koma talla a waya, gwiwoyinsa kuma sun fara ƙara in ya taka tsani. Aiki ɗaya tak ya rage masa mai ɗorewa, na Hajja Khairunnisa mai turaren wuta da humra, wadda takan buga sabbin takardu duk bayan wata uku. Ranar da wannan ya kuɓuce, sai dai ya jingine tsanin a zaure.

A bana Hajja ta ɗauki wata mai aikin kwamfuta, Philomena, 'yar wani ɗan kasuwa Ibo, haifaffiyar garin nan, wadda Hausarta ma ta fi ta Babakura santsi. Ita ta kawo sabon abu. A ƙasan kowace takarda aka buga wani zane baƙi da fari mai kusurwa huɗu, kamar saƙar tabarma. Ta ce sunansa kiyu-ar: mutum ya haska shi da waya, shafin turaren Hajja ya buɗe, ita kuma daga zaune a shago kwamfutarta ta ƙirga. Kowace unguwa da nata zanen, don a san inda talla ke ci. Cikin masu liƙa takardu, Jona ya ɗauki Bulabulin, Mikail ya ɗauki Maisandari, aka ba Babakura Dusuman, kowa takarda ɗari biyu. A saman kowacce, kamar kullum, Hajja ta sa an rubuta Bismillah da harufan Larabci, manya-manya.

Kwana huɗu ya yi yana aikin. Hau tsani, shafa, liƙa, sauko, ja keke zuwa gaba. Ya dawo gida da ciwon baya, ya kwanta kwana biyu.

Bayan sati uku Hajja ta aika a kira shi. Ya tarar da Philomena ta buɗe kwamfuta a kan tebur, tsakanin kwalaben humra. Ta nuna masa wasu sanduna masu launi: Bulabulin an haska sau ɗari huɗu da wani abu, Maisandari ɗari biyu da sittin, Dusuman sau uku. Sandar Dusuman sai ka matso kafin ka gan ta. Hajja ba ta dube shi ba. Ta yi ta kewaye-kewaye, wai ta san rayuwa ta yi tsada, wai ta ji ana cewa wasu masu liƙa takardu kan sayar wa masu ƙosai su naɗe kaya, ita dai ba ta ce shi ba ne.

Wallahi maganar ta yi masa zafi. Takarda mai sunan Allah, a naɗe ƙosai da ita, kuma shi ake wa zato? Bai ɗaga murya ba, don ya gaji da yawa. Ya ce da Philomena, "'Yata, rufe abin nan, tashi mu je ki gani da idonki."

Suka hau Keke Napep da hantsi. Tun daga bakin Dusuman ya fara nuna mata, ita kuma tana ta waige-waige ba ta ga komai ba, sai da ya ce ta ɗaga kai. Ga su nan reras, can ƙarƙashin indararo, sama da tsayin mutum biyu. Babu wadda ta yage, babu wadda ta karkace, ko tabon hannu babu. Aiki dai na gwani.

Philomena ta yi ɗage, ta miƙa wayarta iya tsawon hannunta. Waya ta ƙi karantawa. Ta ja baya, ta matso, ta hau wani bulo, duk a banza; zanen ya yi ƙanƙanta daga ƙasa. Ta tambaye shi me ya kai shi can sama. Shi kuma tambayar ce ta ba shi mamaki. Ya ce unguwar nan ta awaki ce, suna jin ƙanshin sitaci su yago takarda su ja ta cikin kwata. Tun yana saurayi, duk takarda mai sunan Allah sama yake kai ta, wadda ba ta da shi ce yake liƙawa daidai ƙirji. Ba wanda ya taɓa ce masa wannan karon waya ce za ta karanta, kuma ita waya sai an kusanto mata. Wani mai shago a wurin ya ce ai ya ga masu gyaran wayar lantarki sun haska daga kan tsaninsu. Su ne ukun da kwamfuta ta ƙirga ke nan. Philomena ta fara dariya, ta dubi fuskarsa, ta haɗiye.

Da suka koma, ta faɗa wa Hajja gaskiya, takardu ɗari biyu cif suna bango. Hajja ta ba shi haƙuri, har ta ce kunya ta kama ta. Amma aiki fa? Philomena ta ce ko a sauke takardun ƙasa, ko a cire Bismillah. Hajja ta ce da Bismillah ta fara sana'arta, ba za ta cire ba. Babakura ya ce shi kuma hannunsa ba zai liƙa ta inda akuya za ta kai baki ba.

Philomena ce ta nemo mafita, kuma don ta taimake shi ta nemo ta. Ta ce a bar manyan takardun, a buga 'yan ƙananan sitika masu zanen kawai, ba rubutun komai, a manna a jikin Napep da ƙofofin shaguna. Hajja ta yi murna. Ta ce ai wannan ba ya bukatar sitaci ko tsani, ma'aikatan shago ma za su manna a hanyarsu ta gida. Sai da maganar ta fita sannan su biyun suka juyo suka dube shi.

"Ba komai, Hajja," in ji Babakura. "Allah ya sa albarka."

Ya bi ta Bulabulin zai koma gida, yana jan keken don gwiwa ta hana shi tuƙawa. A wani lungu ya ga aikin Jona, takardun da suka fi kowa kawo lamba. Suna daidai ƙirji, rabinsu a yage. Ɗaya ta faɗo bakin kwata, an taka ta, rubutun Larabcin na kallon sama. Babakura ya jingine keke, ya dafa bango, ya durƙusa da ƙyar ya ɗauke ta. Ya goge ta da gefen rigarsa, ya ninke.

Sannan ya kwance tsanin, ya hau taki huɗu, ya cusa ta a wata tsagar bango inda ba mai kai wa.