Na zaci moto ce ta lalace

"Yaya, wai har yau ba ka san abin da na rubuto maka ba?"

Ƙanwata Rakiya ce ta tambaye ni jiya, muna zaune a tsakar gidanmu na Dapaong, a ƙasar Togo, bayan sadakar arba'in ɗin Baba.

Wata huɗu da suka wuce mun yi sa-in-sa da Baba kan rumfarsa ta nama. Ya ce in karɓe ta, na ce ni direba ne. Na koma Sokodé ko sallama ban yi masa ba.

Washegari Rakiya ta turo saƙo. A Ghana ta yi karatu, Turanci ya fi zuwar mata a rubutu: "Baba broke down after you left."

Ni Faransanci na karanta. A bakin direbobin Ghana na san "break down", mota ce ta mutu a hanya. Na zaci tsohuwar motonsa, wato babur ɗinsa, take nufi. Na amsa mata: "A kai wa makanike."

Jiya ta ce, "Yaya, mutum ma yana break down. Kuka ya yi. A gabanmu ya zauna yana kuka. Na karanta masa amsarka, ya ce to, a bar ka."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba. Da na gane, da a ranar na juyo.

Don Allah, in saƙo ya shige muku duhu, ku kira ku tambaya. Ko akwai wanda irin haka ta taɓa samunsa?