Ranar da Na Farke Layu

Gwangwanin biskit ne mai murfi, da hoton wata baturiya wadda tsatsa ta cinye wa rabin fuska. Yana ɗakina har yau, kuma duk wanda ya taɓa shi ba da izinina ba sai ya ji bakina, jika ne ko baƙo. Ana ce mini mai faɗa, ban kuwa musa ba. A kan gwangwanin nan na fara faɗa na gaske, kuma da uwar mijina na yi shi, matar da ko idonta bai kamata in kalla ba.

An kai ni ɗaki a wani ƙauye da ke tafiyar rabin yini daga Dogon Dutsi, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Daga wajen Geceme na fito, kuma na yi aji huɗu a lakwal, makarantar boko, kafin a fitar da ni. Aji huɗun nan su ne laifina a gidan. Gishiri ya yi yawa a miya, ai ɗiyar lakwal ce. Na tsaya ina karanta rubutun jikin buhu, ɗiyar lakwal ta fara. Da wannan sunan tsohuwa take kirana, ni kuma in ce mata Inna, kaina a ƙasa.

A gidan nan takarda ba ta da mazauni. Katin shaidar mijina yana cikin hularsa, ya sha gumi har ya yi laushi kamar dafaffen ganye. Takardar da lokotoro, wato likita, ya ba tsohuwa tana ƙarƙashin tukunyar daddawa. Takardun lambar rigakafin yara an soke su a jinka. In wani ma'aikaci ya zo ya nemi guda, sai gida ya hargitse, kowa na rantsuwa ba shi ya gan ta ƙarshe ba. Wata damina gara ta hau jinka ta cinye takardar lambar ɗana, ta bar mini kusurwa ɗaya mai rabin hatimi. Ranar na zazzage zare da allurai daga gwangwanin da mijina ya kawo mini tsaraba, na bi ɗaki ɗaki ina tsintar takardu. Ranar Juma'a na sayo kaye, littafin rubutu, a kasuwar Dogon Dutsi, na ba kowa shafinsa: sunansa, inda aka haife shi, shekarar fara ce ko shekarar da rijiya ta rufta, ciwon da ya taɓa yi, da abin da ya warkar da shi.

Tsohuwa ta tarar da ni ina rubutu a gindin rumbu.

"Ba a ƙidayar ɗiya," in ji ta. "Kin tara su wuri guda don aljana doguwa ta samu sauƙin aiki?"

"Inna, doguwa lakwal ta yi?" na ce.

Ta yi tsaki ta wuce. Wannan ce rana ta farko da na mayar mata da magana, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Shafi ɗaya ne ya ƙi cika, na babban ɗanta, wan mijina. Gardi ne a ofishin kumandan, ya rasu tun kafin a kawo ni gidan, ya bar ƴa mace tana rarrafe. Uwar yarinyar ta yi wani aure can nesa, sai tsohuwa ta riƙe ta, daga baya riƙon ya dawo hannuna. Sunansa na sani daga bakin mijina, na kuwa rubuta. Amma duk abin da na tambayi tsohuwa a kansa, sai ta kau da kai. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, kunya ce, ba ta kiransa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Yana raye tana ce masa "wancan", ya mutu ma "wancan" ya zauna.

Yarinyar tana lakwal a Dogon Dutsi, tana zaune wajen wata ƴar uwarmu. Kanta na ja, ba irin nawa ba. Wata Alhamis cikin bazara, ranar da ba a karatu, sai ga ta ta iso gida da ƙafa, idanu sun kumbura. Daraktan lakwal ya ce duk wanda bai kawo takardar haihuwa ba nan da sati biyu, ba zai zauna jarrabawar sartafika ba, kuma sunanta na cikin waɗanda za a soke. Mijina yana ci-rani, sai ruwa ya sauka zai dawo. Na san abin da ke jiran yarinyar da aka mayar gida daga lakwal, don ni ce ita shekaru kaɗan da suka wuce, kuma har lokacin abin na ci mini rai.

Na juye gwangwanin, babu. Amma hankalina bai ɗauka ba a ce gardi, mutumin da ya yini a ƙofar ofis, bai yi wa ƴarsa takarda ba. Na tambayi tsohuwa, ta ce ita ba ta san takardun nasara ba. Na tambayi duk wani mai furfura a ƙauyen. A ƙarshe badukun garin ne, yana ɗinkin kube bai ko ɗago kai ba, ya ce ai ya tuna. Bayan an yi addu'ar arba'in, tsohuwa ta kawo masa wata takarda mai hatimi daga aljihun marigayi, ta ce ya ɗinke a fata a ɗaura wa marainiya.

"Takardar ohis kuka ɗinke a laya?" na ce.

"Rubutu dai rubutu na," in ji shi. "Abin da uba ya bari, ina za a sa shi in ba jikin ɗiya tai ba?"

Na tambaye shi wace laya ce, ya ce shekara goma sha biyu, shi ya ɗinka layu sun fi gashin kaina.

Layu biyar ne a ƙugun yarinyar, duk sun yi baƙi, duk kamarsu ɗaya. Kowa ya san ba a buɗe laya. An ce ƙarfinta zai mutu, an ce mai buɗewa na iya zaucewa, an ce abin da take tarewa zai samu hanya. Da na so, da na ja yarinyar bayan gari na yi abina a ɓoye. Ban so ba. Da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai inda tsohuwa ke kaɗi, na kwance layun, na ɗauko reza.

"Mi za ki yi da rezar ga?"

"Takardar jikarki zan hiddo, Inna."

Ta ajiye mazari. "In wani abu ya samu yarinyar ga, ke ta."

"Na ɗauka," na ce.

Na sa reza na fara farke su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko rubutun malam ne, na ninke shi yadda yake na ajiye gefe don a sake ɗinkewa. Ta biyu saiwa ce da wani ƙulli na jan zare, irin na masu bori, ban tsaya dubawa ba. Kafin in kai ta uku matan maƙwabta sun cika ƙofa, wata na salati, wata na cewa dama an faɗa kar a auro ƴar boko. Na farke ta uku. Sai ga takarda an ninke ta ta koma kamar ɗan yatsa, da shuɗin hatimi.

Na buɗe ta a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Sunan yarinyar na nan, hatimi na nan. Amma layin da aka rubuta sunan uba ya faɗa daidai kan ninki, gumin shekara goma sha biyu ya cinye shi ƙurmus.

Kwana uku tsohuwa ba ta ci tuwona ba. Ni kuma, ba zan ɓoye ba, kowace safiya sai na taɓa goshin yarinyar in ji ko da zazzaɓi. Lafiyarta lau, har da neman ƙarin koko.

Na mayar da yarinyar lakwal, na kai takardar ofis a Dogon Dutsi. Komin da ke wurin, wato magatakarda, wani saurayi mai tabarau, ya ɗaga ta da yatsu biyu ya ce wannan ta mutu, sai dai a yi sabuwa, kuma sai an kawo wanda ya ga haihuwar ya ba da shaida da bakinsa. Na ce ai na san sunan uban. Ya ce ina nan aka haife ta? Na ce a'a. "To, madam, ke ba shaida ba ce." Ungozomar ta rasu, uwar tana nesa, mijina yana ci-rani. Saura mutum ɗaya.

Da na gaya wa tsohuwa, ta ce ko sama za ta faɗo ba za ta tsaya gaban komi, sa'an ɗan cikinta, ta yi wannan rashin kunya ba. Nan ne na faɗi maganar da har yau wasu a dangin ba su yafe mini ba.

"Inna, kunyar wanda ya mutu ta hi miki wadda ke da rai?"

Ta shiga ɗaki ta saki asabari. Na zauna ina jin zafin abin da na faɗa, amma ban tashi na bi ta da ban haƙuri ba.

Washegari da na fito shara, na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta yafa baƙin zanenta na fita. Ta ce kanwa za ta sayo a Dogon Dutsi, kar in ɗauka don ni za ta. Ranar ba ranar kasuwa ba ce, kuma kanwa na nan cike da ƙwarya a ɗakinta. Na ɗaura wa jaki akumari.

A ofis komi ya zura takarda a keken rubutu. Ya tambayi sunanta, ta faɗa. Ya tambayi shekarar haihuwar, ta ba shi da damina da wata, ba ta yi tuntuɓe ba.

"Bon. Sunan uban yarinya?"

"Babban ɗana na."

"Suna nika so, tsohuwa."

Ta kafa wa bango ido. Yarinyar, wadda muka biya muka ɗauko daga lakwal, ta buɗe baki za ta faɗa, na mintsine ta. Tsohuwa ta ja zane ta rufe rabin fuska, ta yi magana can ƙasa.

"Ban ji ba," in ji komi.

Sai ta saki zanen, ta faɗi sunan da ƙarfi, har gardin da ke tsaye a ƙofa ya waiwayo. Keken rubutu ya yi ƙara, aka buga hatimi.

Ranar muka kai wa darakta, aka bar sunan yarinyar a jerin masu jarrabawa. Ta zauna, ta kuwa ci. Takardar ta dawo gwangwani, kuma tun daga nan ba wata takarda da ta sake kwana a jinka ko a fata a gidan nan. Ban taɓa neman gafarar farke layun ba, ko yau aka sake ɗinke takardar yaro a fata zan nemi reza.

Amma hanyar komawa gida ce ba ta barina. Mu biyu ne, tana kan jaki ina gaba riƙe da igiya. Mun wuce duwatsu mun shiga gonaki, sai na ji ta sake faɗin sunan, ita kaɗai, a hankali. Ta ƙara faɗa. Ban waiwaya ba, don na ji muryarta ta canza.

"Ɗiyar lakwal," ta ce.

"Na'am, Inna."

"Ashe sunan da daɗi a baki. Shekara talatin yana gabana, ko sau guda ban kira shi ya amsa ba."